Daga Murabba, zuwa ga ƙannena masu koyon Turanci

Ɗan ƙanwata bai cika wata biyu da sauka Riyad ba ranar da abin ya faru. Wata dattijuwa 'yar garinmu ce ta yanke jiki ta faɗi, aka garzaya da ita asibiti, aka bugo mana waya saboda 'ya'yanta ba su jin Turanci, Larabcin nasu kuma na cefane ne. Na tsaya wajen cike takardu, shi ya bi su ciki. Yaro ne mai digiri, wanda in ya rubuta wasiƙa da Turanci sai ka maimaita karantawa don daɗi. Likitan, mutumin Indiya, ya fito ya ce da shi, “She passed out twice, but she has come round.” Ina ƙarasowa na tarar yaron ya dafa bango, leɓensa na rawa, ya juya wajen babbar 'yar matar ya buɗe baki zai ce Inna lillahi. Na cafke hannunsa. Na ce, “Tsaya, ɗana. Suma ta yi har sau biyu, yanzu kuma ta farfaɗo.”

A mota muna komawa gida ya daɗe bai ce uffan ba. Can sai ya ce, “Kawu, wallahi babu kalma ɗaya a maganar nan da ban sani ba.” Gaskiyarsa kuwa. Ya san “pass”, ya san “out”, ya san “come”, ya san “round”. Ya san “pass away” rasuwa ce. “Pass out” kuwa bai taɓa gamuwa da ita ba sai a faretin sallamar masu bautar ƙasa. Kunnensa ya kama kan maganar, tsoro ya ƙarasa masa sauran, saura ƙiris ya isar wa gida guda saƙon mutuwar uwar da ke kwance tana neman ruwan sha.

Wannan kalma tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami, ƙannena maza da mata, domin ba shi kaɗai ba ne.

Yawancin shekaruna a Riyad a unguwar Murabba na yi su. Unguwar ta ci sunan fadar Sarki Abdul'aziz ne, wadda aka soma ginawa a 1936 a wajen ganuwar tsohon gari ta arewa, sarkin ya tare cikinta a 1938. Murabba a Larabci abu ne mai kusurwa huɗu daidai, haka kuwa katangar fadar take. Ginin ƙasa ne, Bakano ba ya tsayawa gabansa Gidan Makama bai faɗo masa a rai ba. A 1999 aka buɗe Gidan Tarihi na Ƙasa dab da fadar, aka kewaye wurin da lambuna, kuma a cikinsu muke shimfiɗa darduma da yammacin Juma'a, mu da yaranmu da ke aiki ko karatu a garin nan, da fulas ɗin shayi a tsakiya. Kasuwar Batha nan kusa take. Tun ƙarshen 2024 jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki, yana da tasha mai sunan gidan tarihin, sai jama'a suka ƙaru. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen da ke zaune a Saudiyya sun ɗan haura miliyan 32, fiye da miliyan 13 daga cikinsu baƙi ne irinmu. Saboda haka in ka yi sa'a guda a lambun nan za ka ji Turanci ya fita ta baki iri-iri: nas 'yar Filifin, injiniya ɗan Pakistan, akawu ɗan Masar, likita ɗan Sudan, da Baturen da ya zo yawon buɗe ido tun da aka fara ba da bizarsa a 2019. Larabci ne harshen ƙasa, ba musu. Amma a asibiti da otal da manyan kamfanoni, Turanci ne igiyar da ta ɗaure waɗannan mutane wuri guda, kuma wanda ake ji a wurin aiki ba irin na takardar jarrabawa ba ne.

Abin da ya kayar da ɗan ƙanwata shi Turawa ke kira “phrasal verb”. Ni ina ce masa aikatau mai ɗan rakiya. Aikatau ne gajere, irin su “get”, “put”, “take”, “give”, “run”, sai a maƙala masa 'yar ƙaramar kalma kamar “up”, “off”, “out”, “in”, ma'ana ta juya gaba ɗaya. Ƙanensa shi ne “idiom”, dunƙulalliyar magana, wadda in ka fasa ta kalma-kalma ba za ka sami komai a ciki ba. Wahalar ba yau ta fara ba. Samuel Johnson, da ya fitar da babban ƙamusunsa na Turanci a 1755, ya ambata a gabatarwarsa cewa wannan haɗi na aikatau da ƙaramar kalma shi ne ya fi ba baƙi wuya.

Akwai dalilin da ya sa mu 'yan makarantun Nijeriya abin ya fi damunmu. Bayan Normandawa masu magana da Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Turanci ya cika da kalmomin Faransanci da Latin, suka zama harshen fada da kotu da littafi, tsofaffin gajerun kalmomi kuma suka tsaya a gida da gona da kasuwa. Shi ya sa abubuwa da yawa suke da suna biyu a Turanci: “postpone” da “put off”, “discover” da “find out”, “tolerate” da “put up with”. Mu a aji aka koya mana Turanci, daga littafi, sai muka riƙe na fada muka bar na gida. Dogon Turanci muka iya. Ranar da ka fara aiki kuwa, na gidan ne zai tare ka a bakin ƙofa: “fill in” wannan fom, “hand over” kafin ka tashi, mun yi “run out of” takarda, “follow up” maganar jiya.

To ga abin da nake so ku riƙe, kuma saboda shi na rubuta duk wannan: Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan sana'a. Tun kuna goye kuke yin ta.

Ku dubi “ci”. Mutum ya ci abinci, wannan kowa ya gane. Amma ya ci bashi, ya ci amana, ya ci sarauta, ya ci jarrabawa, ya ci mutuncin wani, ya ci gaba da tafiya. Wuta ta ci gida, riga ta ci kuɗi, kasuwa ta ci, an ci shi tara. Ku dubi “sha”: ya sha wahala, ya sha kashi, ya sha iska, ya sha alwashi, ya sha jinin jikinsa. In aka ce maigida ya sha kunu, babu yaron Hausa da zai leƙa ya ga ko akwai ludayi a hannunsa. Kowa zai kama kansa ne. Mu kan kashe kuɗi, mu kashe ƙishirwa, a kashe aure, ba a zubar da jini ko ɗigo ba. Turawan da suka zauna rubuta ƙamusun Hausa, irin su Bargery da nasa ya fito a 1934, sun sha fama da waɗannan ƙananan aikatau kamar yadda kuke sha da “get” da “put”. Wa ya ba ku jerin ma'anonin “ci” kuka haddace? Babu. Kun ji an ce wane ya ci amana a ranar da aka ci amanar, kun ga fuskar mai faɗa, kun ga wanda aka cuta. Maganar ta shiga tare da wurinta da mutanenta, shi ya sa ba ta fita.

Akwai ma abin da ya fi wannan kusa. Wani malami a Landan, F. W. Parsons, ya tsara aikatau na Hausa aji bakwai a 1960, gwargwadon yadda ƙarshen kalma ke sauyawa, kuma har yau da tsarinsa ake karantarwa a jami'o'inmu. Ku ba ku buƙatar sunayen azuzuwan, a bakinku suke. Ci da cinye ba ɗaya ba ne. Sha da shanye, saya da saye, haka. Wannan ƙarshen yana cewa an gama da abin kakaf, babu saura. To aikin da “up” ke yi ke nan a “eat up”, “drink up”, “buy up”, “use up”. Ba sama ake nufi ba, ƙarewa ake nufi. Zuba da zubar, jefa da jefar: abu ya bar hannunka ya yi gaba, shi ne “pour away”, “throw away”. Fita da fito, shiga da shigo, ɗauka da ɗauko da ɗauke: muna nuna inda abu ya nufa da wasali ɗaya a wutsiyar kalma. Abin da muke ɗinkewa a jikin aikatau, shi Bature ke yankewa ya ajiye a gefe a matsayin ɗan rakiya. Ranar da na fara bayyana wa yaranmu haka a lambu, wata yarinya mai karatun harhaɗa magunguna ta ajiye kofinta ta ce, “Baba, ashe ‘burn down’ ƙonewa ce ƙurmus.” Na ce ita ce. Daga ranar ta daina kallon ɗan rakiya a matsayin ƙarin wahala, ta fara tambayar aikin da ya zo yi.

Kada dai ku ɗauka wannan mabuɗi yana buɗe kowace ƙofa. “Give up” sallamawa ce, “bring up” raino ne ko tayar da zance, “make up” tana iya zama shiryawa bayan faɗa, ko ƙirƙiro ƙarya, ko kwalliya. Waɗannan 'yan gidan su “sha kunu” ne, a dunƙule ake haɗiye su. Wata kuma fuska huɗu gare ta: “pick up” ɗaga waya ne, ɗauko baƙo daga filin jirgi ne, tsintar harshe a bakin mutane ne, farfaɗowar kasuwa ce. Jimlar da ta zo ciki ita ke faɗa maka wacce ce.

Zaman Riyad ya koya mini cewa kowane harshe haka yake. Na zo da Larabcin zaure, na nahawu da fiƙihu, ina jin na isa. Sai na roƙi wani maƙwabcina Balarabe wata alfarma, ya nuna hancinsa ya ce “ala khashmi”, wato a kan hancina. A Hausa hanci na girman kai ne, mai hura shi, ko na rashawa, mai cin sa. A Turanci wanda ya biya ta hanci tsada ya sha. Shi kuwa maƙwabcina cewa yake yi, da farin ciki, an gama. Hanci ɗaya, harshe uku, kowa da inda ya kai shi.

Yanzu ga inda nake saɓawa da yawancin masu koyar da wannan abu a waya. Kullum sai wani yaro ya zo mini da jerin dunƙulallun maganganu ɗari da ya sauko da su daga YouTube, yana haddacewa kamar karatun allo, yana neman inda zai jefa su don a san ya iya. Kusan koyaushe ta farko a jerin ita ce “raining cats and dogs”, wato ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shekara da shekaru ina aiki da masu Turanci daga ƙasashe da yawa, ban tuna ranar da na ji wani ya faɗe ta a wurin aiki ba. “Sort out”, “check in”, “turn down”, “look into”, “carry out” kuwa, ba a wuni ban ji su ba. Aikatau mai ɗan rakiya shi ne tuwon, dunƙulalliyar magana daddawa ce. Ku fara da tuwo. Daddawa kuma kun san abin da take yi wa miya in ta yi yawa.

Sannan ji daban, faɗa daban. Ku buɗe kunne ku gane duk abin da za a iya faɗa muku, amma abin da zai fita daga bakinku ku auna shi da mai sauraro. A garin nan wanda kake magana da shi sau da yawa shi ma Turancin aro yake yi. In ka jefa wa direba ɗan Bangaladash ko mai gadi ɗan Nepal maganar da ka haddace jiya, ba gwaninta ka nuna ba, ka bar shi a duhu ne, kuma kunya za ta hana shi tambaya. In batun magani ne, ko kuɗi, ko lokaci, ko hatsari, ku faɗi abin a miƙe. In an ba ku umarni, ku maimaita shi da kalmominku: kana nufin kada in ba da kashi na biyu sai ka dawo? Tsakanin “hold on” da “hold off” harafi ɗaya ne ko biyu, a kan gadon majinyaci kuwa tazarar ba ƙarama ba ce.

Masu tuƙa jirgin sama sun koyi wannan da tsada. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Cikin abubuwan da suka haddasa masifar har da wata 'yar jimla mai ɗauke da “take-off” da aka faɗa daga jirgin KLM: su suna nufin sun soma tashi, mai kula da hasumiya ya ɗauka suna tsaye suna jiran izini. Bayan nan aka kafa doka: ba a furta wannan kalma sai lokacin ba da izinin tashi ko janye shi, a sauran zance “departure” ake cewa. Ƙwararru ne waɗannan mutane, amma suka yarda su taƙaita harshensu don rai.

Akwai kuma maganar ladabi, wadda jerin waya ba ya koyarwa. Zai gaya maka “kick the bucket” mutuwa ce, ya yi shiru. Ku da kuka san bambancin “ya riga mu gidan gaskiya” da “ya sheƙa lahira” ba sai an yi muku dogon bayani ba. Ma'ana ɗaya ce, amma ɗaya ta gidan makoki ce, ɗaya kuwa in ka faɗe ta a can ka gama zubar da mutuncin gidanku. Kowace dunƙulalliyar magana tana da shekarunta da matsayinta: wata ta abokai ce, wata ta ofis, wata tana da ma'ana ta biyu ta batsa da ba a rubuta maka ba. Kafin ka yi amfani da sabuwa gaban shugabanka ko gaban mace, ko ke gaban namiji, a fara tambayar wanda aka amince da shi: ana faɗa wa babba wannan?

Turancinmu na gida ma yana da nasa. “I am coming” da muke faɗa muna juya baya, “ina zuwa” ce ta sa rigar Turanci; wanda ba ɗan Nijeriya ba tsayawa zai yi yana kallonka kana tafiya. A wurinmu matar da ta yi “put to bed” ta sauka ne, a wurin Bature yaro aka kwantar ya yi barci. “Take in” a gida samun juna biyu ne, “flash me” ɗan ƙyasta waya ne, “drop” sauka daga mota. Ba na jin kunyar ko ɗaya, ku ma kada ku ji. Harshe ne da mutane miliyoyi suka gina da bakinsu. Naira kuɗi ce. Sai dai in za ka yi ciniki a Batha, canza ta kake yi zuwa riyal.

Yadda za ku yi ba shi da wuya, haƙuri yake so. Ku nemi ɗan littafi da zai shiga aljihu. Duk ranar da kuka ji wata magana ta wuce ku, ku rubuta jimlar gaba ɗaya, ba kalmar kaɗai ba, ku rubuta wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da abin da ke faruwa a lokacin. A ƙarƙashi kada ku fassara kalma-kalma. Ku tambayi kanku: da a Kano ne ko Maraɗi, me mutum zai ce a daidai wannan wuri? “Don't beat about the bush” ba ruwanta da daji, “daina kewaye-kewaye” ce. “He let me down”, ya ba ni kunya, ko ya watsa mini ƙasa a ido. Uku a mako sun isa, in har kun yi amfani da su kun ga sun zauna. Ku lura da ƙananan ɗabi'unsu, kamar yadda ake cewa “pick it up” ba a cewa “pick up it”. Ƙamus na da amfani, har irin na Neil Skinner da iyayenmu suka yi karatu da shi, amma aikinsa ya tabbatar maka da abin da kunne ya kawo ne. Matambayi ba ya ɓata: nas ɗin da ta faɗi maganar ita ta fi kowa sanin abin da take nufi, kuma ban taɓa ganin wanda ya raina mutum don ya ce, don Allah me wannan ke nufi, ba.

In muka zauna muna fuskantar katangar fadar nan nakan tuna wa yaran cewa mai ita, Sarki Abdul'aziz, da ya gana da Shugaba Roosevelt na Amurka a cikin jirgin ruwan yaƙi Quincy ranar 14 ga Fabrairu 1945, tafintan da ya tsaya tsakaninsu, Kanar William Eddy, Ba'amurke ne da aka haifa a Saida ta Labanon, ya tashi da Larabci a kunnensa tun yana yaro. Irin wannan mutum aka nema a ranar da kuskuren kalma ɗaya zai iya ɓata sha'anin ƙasa biyu. Ku ma kuna da harshen da kuka tashi da shi a kunne, ku riƙe shi da kyau. Yaron da Hausarsa ta tsaya a “ina kwana” da “lafiya lau”, in na ce masa “up” ɗin nan ita ce ta “cinye”, babu abin da na ba shi. Ku da kuke haihuwa a nan, ku yi wa 'ya'yanku Hausa mai nama a jiki, da karin maganarta da habaicinta.

Juma'ar da ta wuce ɗan ƙanwata ya zo lambu da littafinsa, bangon har ya fara naɗewa. Ya miƙo mini in duba. A shafin farko ya rubuta jimlar likitan nan yadda ta fito, da kwanan wata, da “a bakin ɗakin gaggawa, ga dangin majinyaciya”. A ƙasa ya sa: ta suma, ta farfaɗo. Ya ja layi a ƙarƙashin wasalin ƙarshe na “farfaɗo”, ya yi 'yar kibiya zuwa “come”. Ya ce, “Kawu, duka biyun dawowa suke nufi, ko? Kamar ta tafi wani wuri ne ta komo inda muke.” Na ce haka ne. Ya buɗe wani shafi yana tambayata “put up with”, wai shugabarsu ta faɗe ta a kan wani abokin aiki kuma fuskarta ba walwala. Muna cikin neman Hausarta, shi yana cewa jurewa, yarinyar nan mai harhaɗa magunguna tana cewa a'a, haƙuri da hali ya fi kusa, aka kira magariba, muka naɗe darduma.